Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Koyon Sulhu da Gyaran da Horonmu Yake Bukata

Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana ranar da aka kafa ƙungiya muna raye, muna tare. Iyayenmu da suka kafa ta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

Kwamitin biki ya ce in rubuta tarihi. Na zaɓi tarihin sulhu: yadda mutanen ƙasar nan suka riƙa koyonsa tun zamanin kaka da kakanni, da yadda muke koyar da shi yau a ƙungiyarmu. Ni 'yar kasuwa ce, boko kuwa da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka zancen zai zo muku kamar yadda muke yin sa a rumfa.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Jarin ƙungiya irin tamu amana ce. Mace tana kawo zubinta duk mako ne don ta yarda ranar kwasarta za a ba ta nata cif. Idan biyu suka saɓa aka kasa shirya su, ba su kaɗai suke tafiya ba, kowacce tana jan ƙawayenta. Duk cikinmu babu wadda ba ta san adashin da ya watse da kuɗi a hannun mutane ba, saboda maganar da aka bari ta kwana. Ga shi kuma iyayen da suke raba mana gardama girma ya kama su. To wa za ta gaje su, kuma yaya za a koya mata? Tarihi yana da abin faɗa a kan wannan.

Sulhun zaure da na tsakar gida

Kasuwar Kurmi ta birnin Kano an kafa ta ne a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Shekaru ɗaruruwa fatake suna sauka a cikinta: na Agadas da gishiri, na Gwanja da goro, na Borno, da Larabawan da suke ratso Sahara. Mutanen da harshensu ma ba ɗaya ba, amma suna ba juna kaya bashi, wani sai shekara ta zagayo zai dawo. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne akwai masu tsayawa tsakani. Akwai fatoma, wato maigidan da baƙo yake sauka a wurinsa, shi ne yake tsaya masa. Akwai dillali, wanda aka yi ciniki a gabansa. Kowace sana'a kuma tana da shugabanta, Sarkin Pawa ga mahauta, Sarkin Maƙera ga maƙera, sannan ga Sarkin Kasuwa. Maganar da ta fi ƙarfin waɗannan ita ce take hawa zuwa gaban alƙali. A unguwa da ƙauye ma tsani ne: mai unguwa, dagaci, hakimi, har fada. Yawancin rigingimu a matakin ƙasa suke mutuwa.

Mata suna da nasu tsarin, ko da yake ba a zaure ake yin sa ba. Gwaggo da inna da kaka, ungozoma, uwar ɗaki, uwar adashi, su ne alƙalan tsakar gida. Ku dubi yaji da biko. Mace ta tafi gidansu, miji ya turo manya, waliyyai su zauna, a ji ta bakinta, a ja masa kunne, sannan ta koma. Ai wannan sulhu ne mai ƙa'ida, kowa ya san matakinsa. Addini ma ya ƙarfafa shi, don aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a ɗauko mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata.

To a wace makaranta waɗannan mutane suka yi karatun sulhu? Babu aji, babu allo. Yaro yana zaune a bakin zaure yana jin yadda mahaifinsa yake tambaya. Yarinya ta kawo ruwa ta rakuɓe gefe, tana ganin yadda kakarta take jan kowacce ɗaki ita kaɗai kafin ta haɗa su, da yadda take barin mai kuka ta gama kukanta. Haka ake koyon saƙa da rini da ƙira, haka aka koyi sulhu: a gefen wanda ya iya, a kan aiki na gaske, shekara da shekaru.

Wannan hanya tana da ƙarfi, don mai sulhun ya san mutanen, ya san iyayensu, kuma ana jin kunyarsa. Amma mu faɗi gaskiya, tana da rauni uku. Ba a rubutawa, don haka bayan wata shida sai a dawo ana musu a kan abin da aka yanke. Sau da yawa ƙarami ake ba haƙuri ko da shi ne mai gaskiya, mace kuwa a ce mata "ki yi haƙuri" ba a ma ji ƙarshen zancenta ba. Na uku, idan tsohuwar da ta iya ta rasu ba ta bar magajiya ba, ilimin ya bi ta kabari.

Darasin 'Yan Taru

Mace ta farko da tarihin ƙasarmu ya nuna ta tsara horar da mata a kan tsari ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Bayan yaƙe-yaƙen jihadin da aka fara a 1804, ƙauyuka sun cika da matan da ba su da hanyar zuwa makaranta. Wajen shekarun 1830 sai ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru.

Ku lura da yadda ta yi. Ta zaɓi mata dattijai masu mutunci a garuruwansu, ana kiran kowacce jaji. Ta naɗa su a bainar jama'a, ta ba kowacce malfa da jan ƙyalle, kuma malfa alama ce da matan yankin suka riga suka san girmanta a kan Innar Gobir. Jaji tana tahowa daga ƙauye da ayarin tsofaffi da 'yan mata, su zauna gaban malama su koya, su koma su koyar da matan auren da suke cikin gida. Karatun an zuba shi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci don wadda ba ta iya karatu ba ta haddace, ta riƙa maimaitawa tana daka ko tana kaɗi. A ciki akwai ibada, akwai kuma kyawun hali da haƙuri da zaman lafiya da maƙwabta. Ba zuwa ɗaya ake yi a ce an gama ba, ana dawowa. Da ta rasu, 'yar uwarta Maryam ta ci gaba da aikin, ya kuma wuce zamaninsu duka biyu.

Makarantar sulhu ce? Ba da wannan suna aka kafa ta ba. Amma duk mai son horar da mata irinmu ya kamata ya tsaya a nan ya duba: an zaɓi wadda jama'a suka riga suka yarda da ita, an koyar da harshen gida, an yi tanadi don wadda ba ta karatu, an ba da alamar da kowa zai gani, kuma an yi ta maimaici.

Zamanin takarda

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun sa su ƙarƙashin En'e, aka ƙara tsananta rubuta shari'u a littafi. Daga nan takarda ta fara zama shaida mai nauyi a hukumance. A 1935 aka yi dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya, kuma tun daga lokacin ƙungiya mai rijista sai da littafin kuɗi da dokokin da aka rubuta. Dokar tarayya ta 1993 ta tanadi cewa rigimar da ta shafi harkar ƙungiya tsakanin mambobi a miƙa ta ga daraktan ƙungiyoyin gama kai, ya warware da kansa ko ya naɗa wanda zai sasanta. Da yawanmu ba su san da wannan ƙofa ba, alhali ta shafe mu kai tsaye.

Matsalar ita ce takarda ta shiga kotu da ofis, amma ta daɗe ba ta shigo tsakar gida ba, don matan da suke sulhun ba su rubuta boko. An fara yaƙi da jahilci a Arewa a farkon shekarun 1950. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, har ta samu lambar yabo daga UNESCO. A 1987 kuma shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida ya sa mata da yawa suka haɗu suka yi rijistar ƙungiyoyi. Waɗannan abubuwa biyu, ajin manya da ƙungiya, su ne suka kawo mu inda muke. Yau mace irina tana iya rubuta wa ta karɓi nawa, a wace rana, a gaban wa. Kakanninmu sun fi mu hikima, amma wannan makamin ba su da shi.

Lokacin da sulhu ya zama darasi

Zama a aji a koyar da sulhu a matsayin fanni na kansa sabon abu ne, kuma rikici ne ya haife shi. A rikicin Zangon Kataf na 1992 da ya bazu zuwa Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannu, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Suna ɓangarori biyu masu gaba. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin mabiya addinai, suna horar da matasa da mata da malamai. Duk inda za su shiga tsakani, tare suke zuwa, don kowane ɓangare ya ga nasa a wurin. A watan Agusta na 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan takardar zaman lafiya ta Kaduna. Ba ta hana wata fitinar tashi a ƙarshen shekarar ba, kuma wannan ma darasi ne: sa hannu farkon aiki ne, sai an yi ta bibiya.

Su ma kotuna sun ga shari'u sun yi musu yawa. A 2002 aka buɗe sashen sulhu a jikin Babbar Kotun Legas, wanda ake kira kotu mai ƙofofi da yawa, wato mai ƙara yana iya zaɓar ƙofar sasanci maimakon ta shari'a. Kano ta buɗe nata a 2009. A 2003 aka yi dokar kafa Hukumar Hisba ta Kano, wadda babban aikinta na yau da kullum ya haɗa da sasanta ma'aurata da masu bashi, kuma tana da ɓangaren mata. A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau aka fito da Zauren Sulhu don unguwanni su riƙa kashe wutarsu da kansu. Sannan a watan Mayu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar tarayya ta sasanci, wadda ta maye gurbin ta 1988. Abin da ya shafe mu a cikinta shi ne, yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar sulhu tana ɗaure waɗanda suka yi ta, kotu tana iya tilasta a cika ta, kuma abin da aka faɗa a zaman sulhu sirri ne.

Kun ga ke nan abin da kakanninmu suke yi a kan tabarma ya zagayo ya samu kujera a kotu. Sai dai ya dawo mana da sabuwar riga: taron bita.

Namu horon, daga farko zuwa yau

A farkon ƙungiyarmu babu wani horo. Iyayen da suka kafa ta sun san juna, sun san gidajen juna. Idan an saɓa, bayan taro sai shugaba ta ce wance da wance ku tsaya. Shi ke nan. Da muka yi yawa, aka samu mambobin da ba unguwarsu ɗaya ba, kuɗin asusu ya ƙaru, aka fara ba da rance, sai aka kafa kwamitin sulhu. Bayan haka aka fara tura 'yan kwamitin taron bita, wani lokacin kuma a gayyato masu koyarwa su zo mana.

Bita ta amfane mu, kada mu yi butulci. A nan aka koya wa mata cewa mai sulhu ba alƙali ba ce, ba ita za ta yanke ba, masu rigimar ne za su yarda da bakinsu. An koya musu kada su katse mai magana, su maimaita abin da suka ji don mai shi ta tabbatar an fahimce ta, su tambayi "me kike so a yi yanzu" maimakon su tsaya a kan "wa ya fara". An koya musu ba ƙarama dama daidai da babba. Wannan ya gyara ɗaya daga cikin raunin tsohuwar hanya.

Amma duk wadda ta taɓa halarta ta san inda gizo yake saƙa. Kwana ɗaya ne ko biyu a shekara. Takardun da ake rabawa da Turanci suke, tafinta yana fassarawa a guje. Misalan na ma'aikatan ofis ne da manajansu, mu kuwa rigimarmu ta zubi ce da rumfa da kayan da aka ɗauka a sayar. A ƙarshe a ba da takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ta kama gabanta. Ranar da mata biyu suka tsaya a gabanta suna huci, mai takardar shaidar sai ta aika a kira Hajiya, wadda ba ta taɓa zuwa bita ba. Su kuma iyayen da suka iya a aikace ba a taɓa cewa su zo su koyar ba.

Ga shi rigimar ma ta sauya kama. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta bar tambaya a bakin 'yan kasuwa: kayan da aka ba mutum ya sayar suka ƙone, wa zai ɗauki asara? Kullen korona na 2020 ya tsayar da zubi a adashi da yawa, waɗanda suka riga suka kwasa da waɗanda ba su kwasa ba suka shiga kallon juna. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura mu ga taransifa da masu POS, sai ga sabuwar gardama: "na tura", "ban ga alat ba". Ga kuma saƙon murya a zauren WhatsApp, inda magana ɗaya ta ɓacin rai take shiga kunnen kowa kafin gari ya waye. Horon da bai taɓo waɗannan ba ya bar mu a baya.

Gyaran da nake roƙo

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne, sulhu sana'a ce, kuma ba a koyon sana'a da sauraro kaɗai. Bita ta tsaya a matsayin ƙari, amma gindin horon ya koma gefen wadda ta iya. Ga yadda nake ganin za a yi.

Na farko, kowace mai koyo a haɗa ta da uwa ɗaya cikin iyayenmu masu sulhu. Ta zauna a zaman gaske, da izinin masu rigimar, bakinta a rufe. Bayan an tashi su zauna su biyu, uwar ta faɗa mata me ya sa ta fara da wance, me ya sa ta ɗage zaman zuwa gobe. In ta ga zama da dama, sai ta fara jagoranta uwar tana gefe. Sai uwar ta ce ta isa, sannan a gabatar da ita a gaban babban taro irin na yau, kamar yadda ake naɗa jaji, don kowa ta san wurin wa za ta je.

Na biyu, darasi ya zama da Hausa, kuma kaɗan-kaɗan duk wata a ƙarshen taronmu, maimakon a tara shi a kwana ɗaya. A riƙa yin kwaikwayo da irin rigimarmu, ba tare da kama sunan kowa ba: wata ta zama uwar adashi, wata mai bin bashi, wata mai sulhu, sauran su gyara mata. A ɗauki darasin a murya a tura wa kowa ta waya, don wadda ba ta karatu ta saurara tana aikinta. Wayar da take yaɗa fitina ita ce za ta yaɗa maganin.

Na uku, a koyar da lissafi. Yawancin rigimarmu da kuɗi take farawa, sai zagi ya rufe ta. A ce mata 10 suna zuba N5,000 duk mako, kwasa N50,000. Wata ta kwasa a mako na 3, ta daina zubi bayan mako na 6. Saura mako 4, bashin da yake kanta N20,000 ne, kuma mata huɗun da ba su kwasa ba kowacce za ta samu N45,000 maimakon N50,000. Mai sulhun da ta iya fitar da wannan a fili ta rage rabin wutar, don an daina cewa "ta cinye mana kuɗi", an koma maganar yaya za a biya N20,000, a cikin mako nawa. Haka nan ta iya duba rasit na taransifa, ta san lambar ciniki da ranar da aka tura, ta san cewa hoton alat ba shaida ba ne sai an ga kuɗin a asusu.

Na huɗu, rubutu. Duk sulhun da ya shafi kuɗi ko kaya a rubuta shi, da boko ko da ajami: su waye, me aka yarda, nawa, yaushe, a gaban wa. A karanta da ƙarfi kowacce ta ji, sannan ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, da shaidu biyu. Kowacce ta riƙe kwafi, ɗaya ya zauna wurin sakatariya. Amma a koya wa mai sulhu abin da ba a rubutawa. Sirrin gidan mutum da aka faɗa cikin kuka ba ya shiga littafi, ba ya fita daga ɗakin. Mai sulhun da aka ji zancen zama a bakinta a waje, a sauke ta. 'Yan ajin yaƙi da jahilci da 'ya'yanmu mata da suka yi makaranta za su iya riƙe alƙalami a gefen iyayen da ba su rubutu, kun ga su ma suna koyo ke nan.

Na biyar, masu sulhu su zama biyu, kowane ɓangare ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda aka horar. Wannan ita ce hikimar ayar da na ambata, ita ce kuma ta Imam da Fasto. Ma'aji ko uwar adashi kada ta zauna a kan rigimar kuɗin da suke hannunta, haka 'yar uwa ko kishiya ko maƙwabciyar rumfar ɗaya daga cikin masu rigimar. Kuɗin motar masu sulhu ya fito daga asusun ƙungiya, don kada su karɓi ko goro daga hannun wani ɓangare.

Na shida, bibiya. A sa rana tun a wurin zaman, bayan mako biyu ko wata guda, mai sulhu ta koma ta ji: an fara biya? Suna gaisawa? In an samu tangarɗa a gyara tun tana ƙarama.

Na bakwai, kuma wallahi wannan ya fi sauran nauyi, a koya wa mai sulhu inda hannunta ya tsaya. Duka mai rauni, fyaɗe, cutar da yaro, barazanar kisa, waɗannan ba maganar "a yi haƙuri a rufa asiri" ba ce. Asibiti ne da hukuma, kuma cikin gaggawa. Rabon gado da ƙirga saki na malamai ne da kotu. Rigimar kuɗin ƙungiya da ta gagare mu tana da ofishin gama kai. Ya kamata cikin horon a kwashi masu koyo a kai su waɗannan wurare da ƙafarsu, su ga ƙofa, su san wa ake tambaya, don ranar da za su raka wata kada su tsaya a bakin get suna rarraba ido.

Duk abin da na lissafa babu wanda yake bukatar otal ko baƙo daga nesa. Littafi ne mai kauri, da biro, da tawadar dangwale, da kuɗin mota, da awa ɗaya a wata. Abu ɗaya ne mai tsada a ciki, shi ne lokacin iyayenmu, kuma shi ne ba zai jira mu ba.

Saboda haka ina roƙon Hajiya shugaba da 'yan majalisarta su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a babban taro mai zuwa. Iyayenmu masu sulhu, kowacce ta duba cikinmu ta ɗauki 'ya ɗaya ko biyu ta fara jan su a jiki. Ƙannena, wadda aka zaɓa kada ta ce ta yi ƙanƙanta, da rakuɓewa aka fara. Mazajenmu, idan aka aiko a kira matarku zaman sulhu, ku yi mata izini, ladan har da ku. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, ba za mu daina saɓawa ba muddin muna ciniki tare. Abin da muke nema shi ne kullum a samu wadda ta iya shirya mu.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shirya mana zuri'a, ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya. Amin.